Darasi na 7: Maganin tayirod ga mai yawan jinin al'ada

Tayirod wata 'yar ƙwaya ce mai ɓari biyu a gaban wuya, ƙasan maƙogwaro. In ta kumbura, ita ce ake kira maƙoƙo. Aikinta fitar da sinadarin da ke ba jiki kuzari. Idan sinadarin ya yi ƙasa sai komai ya yi sanyi: kasala, jin ɗari ko ba hunturu ba, ƙiba babu dalili, bushewar fata, zubar gashi, taurin bayan gida. Mata da yawa kuma al'adarsu kan rikice, jini ya yi yawa, kwanaki su ƙaru.

Ɗauko kwalin maganinki ki duba. Za ki ga an rubuta Levothyroxine, wato maganin da ke maye gurbin sinadarin da ya yi ƙasa, kusa da shi kuma akwai lamba: 25, 50 ko 100, sai haruffa mcg. Lambar nan ita ce ƙarfin ƙwayar. Ki haddace taki, ki duba duk lokacin da aka sayo miki sabo a kemis, domin ƙwayoyin ƙanana ne, kuma ido bai cika rarrabe ta 50 da ta 100 ba. Mace mai nauyin kilo 60 wadda tayirod ɗinta ta daina aiki gaba ɗaya kan buƙaci wajen 100 a rana. Tsohuwa ko mai ciwon zuciya da 25 ake fara mata, a riƙa ƙarawa sannu a hankali.

Likita ba ya ƙara magani don kin ce kin gaji. Gwajin jini yake dubawa, wanda ake kira TSH. Lissafinsa a juye yake: lamba ta hau, maganin ya yi kaɗan, ta faɗi ƙasa sosai, maganin ya yi yawa. A yawancin ɗakunan gwaji, daidai yana tsakanin 0.4 da 4. Ƙari ko ragin magani kaɗan ake yi, mcg 12.5 ko 25, sannan a jira mako 6 zuwa 8 kafin a sake gwaji, don maganin yakan daɗe kafin ya zauna a jiki. Gwaji bayan mako 2 asarar kuɗi ce. In asibitin da ke kusa da ke ba sa yi, ki nemi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina.

Yaushe jini ya yi yawa? Idan kina canza audugar mata ko ƙunzugu duk awa 1 ko 2 sharkaf, ko kina tashi cikin dare don canzawa, ko yana fita guda-guda manya, ko ya wuce kwana 7. Hukuncin salla da azumi na malamai ne, a tambaye su, amma zuwa asibiti ba a jira sai jini ya cika kwana 15.

A nan ake samun rikici. Zubar jini wata bayan wata yana kawo ƙarancin jini, shi ma kuma alamarsa kasala ce, da jiri, da haki, da faɗuwar gaba, wani lokaci har da kwaɗayin farar ƙasa ko ƙanƙara. Sai mace ta zaci maganin tayirod ne ya gaza, ta ƙara rabin ƙwaya da kanta. Zuciyar da dama take wahala sai ta ƙara gudu, hannu ya kama rawa, barci ya ƙaurace. Don haka ki roƙi a haɗa miki gwaji biyu rana ɗaya, TSH da na yawan jini. Himogulobin, wato abin da ake aunawa a gwajin yawan jini, in ya yi ƙasa da 12 ga macen da ba ta da ciki ƙarancin jini ne.

Da an ba ki jar ƙwayar ƙarin jini, sai a kula. Sinadarin ƙarfen da ke cikinta yakan kama maganin tayirod a cikin hanji ya hana shi shiga jini. Wadda ke haɗiye su tare da safe, sai TSH ya hau, a yi ta ƙara mata magani, jinin al'ada kuma bai ragu ba. Awa 4 ake so tsakaninsu, ba ragi. Haka ma maganin ƙashi mai kalsiyam da farin ruwan maganin olsa.

Ga tsarin da ya fi sauƙin riƙewa. Kina idar da sallar asuba, ki sha na tayirod da ruwa zalla, cikinki babu komai. Ki jira minti 30 zuwa 60 kafin koko da ƙosai ko shayi. Awara, madarar waken suya da fura da nono ki bar su sai rana ta ɗaga. Na ƙarin jini kuwa bayan azahar, da lemon zaƙi in da hali, ban da shayi. Bayan gida zai yi baƙi, ba abin tsoro ba ne, kuma a ci gaba da sha wata 3 bayan jini ya dawo daidai. Da azumi, a sha na tayirod kafin sahur da rabin awa, ko lokacin kwanciya, awa 3 bayan abincin ƙarshe.

Zafin watan Afrilu da Mayu a Katsina yana rage wa ƙwayar ƙarfi. Kada ki ajiye ta a taga ko kusa da murhu. Ki bar ta cikin takardarta, a ƙasan akwati.

Kafin tayirod ta daidaita, likita na iya rubuta maganin rage zubar jini da ake kira tranexamic acid, na kwanakin da jini ya fi zuba. Ki gaya masa in kin taɓa samun daskarewar jini a ƙafa ko huhu. Ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadarin mata da ake kira istirojin tana rage jini, sai dai takan sa a buƙaci ƙarin maganin tayirod, don haka a sake TSH bayan an fara ta. In kuwa TSH ya daidaita wata 3 jini bai lafa ba, a yi hoton mahaifa, wataƙila ƙari ne a ciki.

Ranar da kika ga ɓatan wata, kada ki ajiye maganin. Ki je asibiti a makon, domin mai ciki ƙara mata ake yi. Jini na kwarara awa bayan awa tare da jiri ko suma kuwa, wannan ba ya jiran wayewar gari.

Aikin gida: ki sami ƙaramin littafi, ki ja layi gida huɗu. Kwanan wata, lambar ƙwayar da kika sha, auduga nawa kika canza, sai sakamakon gwaji in an yi. Ki tafi da shi tare da kwalin maganin ranar ganin likita.