Darasi na Bakwai: Tsutsar Cikin Doki

Duk mai doki a birnin Kano yana so ranar Hawan Daushe dokinsa ya fito a cike, gashi na sheƙi. Sai ka ga mutum yana zuba gero da dusa da harawa, bai rage komai ba, amma haƙarƙarin dokin a waje. Kafin a zargi yaron barga, a bincika cikin dokin. Sau da yawa tsutsa ce ke cin rabonsa.

Tsutsa tana zuba ƙwai a hanjin doki, ƙwan ya fito tare da kashi. Ido ba ya ganinsa. Idan ƙasa ta yi laima, musamman da damina daga Yuni zuwa Satumba, sai ya ƙyanƙyashe, 'ya'yan su hau ciyawa. Dokin birni bai cika fita kiwo ba, to amma ɗanyar ciyawar da ake yankowa a fadamar da jakai da dawaki suke kiwo tana kawo masa su har turke. Jaki da doki tsutsarsu ɗaya ce.

Tsutsar iri-iri ce. Akwai ƙanana jajaye masu shiga bangon hanji, su ne suka fi yawa, suna kawo rama da gudawa da ciwon ciki. Akwai macijin ciki, fari dogo, wanda ya fi damun dukushi har cikinsa ya yi tulu. Akwai tsila. Idan ka ga doki yana goga gindinsa da bango har gashin wutsiya ya tsinke, wata siririyar tsutsa ce ke zuba ƙwai a bakin duburarsa. Akwai kuma ƙudan da ke manna ƙwai ruwan ɗorawa a gashin ƙafa. Doki ya lasa, tsutsar ta je ta maƙale a cikinsa. Ka kankare ƙwan daga gashin da zarar ka gani.

Kada ka sayi magani da ka. Ɗebi sabon kashin dokin a leda, ka kai asibitin dabbobi. Likita zai duba da madubin likita, ya faɗa maka irin tsutsar da yawan ƙwanta. Ivermectin yana kashe jajayen nan da tsutsar ƙuda, amma ba ya taɓa tsila, ita sai Praziquantel. Dukushi kuwa ana fara ba shi magani yana da wata 2 zuwa 3, galibi Fenbendazole. Idan cikinsa ya riga ya cika da maciji, bari likita ya tsaya a kai, domin in suka mutu gaba ɗaya suna iya toshe hanji. Allurar da aka yi don shanu kada a soka wa doki. Kanwa tana da wurinta a barga, amma ba ta kashe tsutsa.

Yanzu ga inda na fi so ku natsu. Nauyin doki ake bi wajen ba shi magani, ba kallon ido ba. Maganin a cikin sirinji yake zuwa, ta baki ake ɗura shi; wasu sukan raba sirinji ɗaya wa dawaki uku don a rage kuɗi. Wannan hasara ce. Raunanan tsutsotsi su mutu, masu ƙarfi su rayu su hayayyafa, wata rana maganin ya daina aiki a bargar baki ɗaya. Haka ma ɗura magani kowane wata ba tare da gwaji ba.

Ba ka da sikeli? Ari tef ɗin tela. Auna kewayen ƙirjin doki ta inda majayi ke bi. Auna tsawonsa daga gaban kafaɗa zuwa ƙarshen ɗuwawu, duka da santimita. Buɗe lissafin wayarka: ƙirji sau ƙirji sau tsawo, raba da 11,880. Abin da ya fito shi ne kilo. Misali, ƙirji 160, tsawo 150, ya ba da kimanin kilo 323. Sai ka murɗa zoben sirinji zuwa lambar da ke sama da wannan kaɗan, wato 350.

Ka tabbata babu abinci a bakinsa. Zura sirinji ta gefen baki inda linzami ke zama, ka matsa maganin a kan bayan harshe, ka ɗaga haɓarsa har ya haɗiye. In ya tofar, bai sha ba. Bayan kwana 14 a sake kai kashi a gwada, a ga ko maganin ya ci.

Sauran aikin na shebur ne da tsintsiya. Kwashe kashi safe da yamma, a tara shi nesa da turke ya ruɓe kafin masu lambu su ɗauka. Zuba abinci a komi, ba a ƙasa ba. Wanke mazubin ruwa. Sabon doki, ko wanda aka aro don hawan Sallah, a ɗaure shi daban har a gwada shi.

Aikin gida: auna doki ɗaya a unguwarku. Rubuta sunansa, da nauyinsa, da ranar da ya sha magani, da sunan maganin. Kawo takardar aji mako mai zuwa.