Masu ajiye babur su tafi gona ko fatauci

Assalamu alaikum 'yan uwa. Damina ta kusa, wasunmu za su kulle babur a zaure su nufi ƙauye, shi ya sa na ce bari in tunatar.

Zafin Damagaram na watan Afrilu da Mayu yana shanye batir ko ba a taɓa babur ba. Kafin ka tafi, kwance wayar baƙin kan batir, wadda ke da alamar ragi, ka ajiye shi a inuwa. Batir mai lafiya yakan nuna bolt 12.6, in ya sauka ƙasa da 12.4, kai shi caji. In mai ruwa ne, tataccen ruwan batir za ka ƙara, ba asid ba, kada ka kuskura ka zuba na rijiya.

Masu tayar da babur minti biyar a tsaye kuwa, wahalar banza ce, abin da sitata ta ci ma bai dawo ba. Gara ƙanenka ya hau shi ya kai Mirriah ya dawo, ko sau ɗaya a sati biyu.

In babu mai hawansa, rufe makunnin mai, ka bar injin ya shanye na cikin kafireta har ya mutu da kansa, don tsohon fetur yana daskarewa ya toshe ta. Ka canza baƙin mai, ka ɗora shi kan babbar ƙafa, ka lulluɓe shi saboda ƙura.