Yadda zaka duba ɗaliban koyar da kiɗa ta bidiyo

Idan kana da ɗalibai masu koyon koyar da kiɗa kuma sun watsu a makarantu daban daban, ba sai ka bi kowa aji ba, waya ma ta isa.

Da farko dai a nemi izinin makaranta da iyayen yara kafin a ɗauki komai, wannan ba abin wasa bane. Sai ɗalibin ya kafa wayar a gefen aji inda za'a ga hannunsa da fuskokin yaran tare, minti 15 ya wadatar.

Sauti shine babbar matsalar gaskiya. In zaka kalli darasin kai tsaye ta Zoom, manhajar kiran bidiyo, ka sani yana ɗaukar ƙarar ganga ko sarewa a matsayin hayaniya sai ya danne ta, don haka ku shiga saitin sauti ku kunna zaɓin da aka yi wa makaɗa, kuma kar ku ce zaku yi kiɗa tare kai tsaye domin sautin yana makara a hanya, bugun ba zai taɓa haɗuwa ba. Shi yasa ni nafi son a naɗa a turo ta Google Drive, in kuma WhatsApp ne a tura shi a matsayin fayil don kar ingancin ya ragu.

Bari ɗalibin ya fara kallon kansa ya rubuto abin da ya gani. Kai kuma gyaranka ya zo da lokaci, kamar "a minti 4:20 ka basu sabon kari alhali rabin ajin basu kama na farko ba". Gyara biyu ko uku a zama ɗaya, sauran sai bidiyo na gaba.