Yadda ake sabunta lasisin tuƙi a Najeriya

Dan Allah kar ka jira sai lasisinka ya mutu, ɗan uwa. Shiga shafin hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa (FRSC) ta waya, ka zaɓi wajen sabuntawa, ka sa lambar tsohon lasisin da ranar haihuwarka, ka duba sunanka da kyau ya dace da na NIN ɗinka, don harafi ɗaya in ya kuskure wallahi sai ka sha zirga-zirga. Zaɓi na shekara 3 ko 5, ka biya, ka buga fom da rasit. Daga nan sai ofishin lasisi, jami'an duba ababen hawa (VIO) su duba takardun, in an buƙaci hoto da yatsa a ɗauka. Za su ba ka lasisin wucin gadi na kwana 60 kafin na ainihin ya fito. Kuɗinka kuma kar ka miƙa wa 'yan bakin get, jabu suke haɗa wa mutane.