Kurakuran da ake yi wajen zana bayanan binciken jami'a a laburare

Shugabannin jami'a kan nemi laburare ya fitar musu da zanen da zai nuna yawan binciken da malamansu suka wallafa da kuma waɗanda suke aiki tare da su. Yawancin kurakuran wannan aiki tun kafin a fara zanen ake tafka su.

Babba daga ciki shi ne ɗebo bayanai daga rumbu ɗaya a ce an gama. Manyan rumbunan bayanan takardun bincike, Scopus da Web of Science, sun fi karkata ga mujallun Turanci da fannonin kimiyya. Masanin tarihi ko adabi, wanda littafi ya fi rubutawa, sai ya fito a zanen kamar bai tsinana komai ba. A haɗa da rumbun OpenAlex, wanda aka buɗe kyauta a 2022, da ma'ajiyar takardun binciken jami'ar kanta. A ƙasan zanen kuma a rubuta inda aka samo bayanan da ranar da aka ɗebo su.

Sai sunaye, kuma nan ne gizo ke saƙa. Malami ɗaya ya rubuta cikakken sunansa a wata takarda, ya taƙaita shi a wata, sai manhajar zana taswirar bincike irin VOSviewer ta raba shi gida biyu, har ka ga kamar mutum biyu ne daban! Sunan jami'a ma haka. Tace sunaye aiki ne mai gajiyarwa, amma ba makawa. A dinga matsa wa malamai su yi rajistar ORCID, lambar nan mai alƙaluma 16 da ke bambanta kowane mai bincike.

Akwai kuma jera fannoni a ma'auni guda. Ana ambaton takardun likitanci (wato kafa hujja da su a wasu takardun) fiye da na lissafi nesa ba kusa ba, don haka kwatanta su da ma'aunin h da Jorge Hirsch ya ƙirƙiro a 2005, wanda ke haɗa yawan takardun mutum da yawan ambaton da suka samu, zalunci ne. A auna kowa da takwarorinsa. Idan layin ambato ya faɗi a shekarun baya-bayan nan, ba koma-baya ba ne: sabuwar takarda sai ta ɗan kwana biyu kafin a fara ambatonta, kuma ya kamata a faɗi hakan a jikin zanen.

Launi kuwa, a guji haɗa ja da kore, domin kusan namiji 1 cikin 12 na da matsalar bambance launuka. Taswirar da ta cika da ɗaruruwan ɗigo da layuka tana burgewa a allo, amma shugaban sashen da ke neman amsar tambaya ɗaya ya fi amfana da zane mai sanduna goma da aka jera daga babba zuwa ƙarami.