Yadda za a rage shaƙar ƙura da hayaƙi a gida lokacin hunturu a Damagaram

Daga watan Nuwamba zuwa Maris iskar arewa maso gabas na kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na arewacin Chadi, ta zube mana ita a Damagaram. Ƙurar da ake gani a kan tabarma da murfin kwano, mai sa atishawa, ita ce mai dama-dama, don hanci da maƙogwaro na tare mafi yawanta. Wadda ta fi illa ido ba ya ganinta. Masana na kiranta PM2.5, wato ƙwayoyin da faɗinsu bai wuce maikiromita 2.5 ba, sai an jera kusan 30 kafin su kai kaurin silin gashi ɗaya. Suna zarcewa har ƙasan huhu, mafi ƙanƙanta cikinsu su shiga jini. Daga nan ne suke taimaka wa ciwon huhu, asma, ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki, kuma tun 2013 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa su cikin abubuwan da ke haddasa ciwon daji.

Hazo ba mai iya tare shi. Amma waɗannan ƙwayoyi ba daga hamada kaɗai suke zuwa ba, duk abin da ke ci da wuta yana fitar da su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutane kusan miliyan 3.2, cikinsu har da yara 'yan ƙasa da shekara 5 sama da 237,000. Saboda haka daga murhu za mu fara.

Mataki na farko: gyara wurin girki

Uwar gida, idan da hali ki fitar da murhu tsakar gida ko ƙarƙashin rumfar da ke buɗe, ki zauna ta inda iska ke fitowa, hayaƙi ya bi gabanki ya tafi. Idan sanyi ko iska sun tilasta shiga madafa, a bar ƙofa a buɗe. Mai gida kuma, aikinka ne ka sa a huda taga a sama kusa da rufi, don hayaƙi sama yake taruwa. Ka ɗaga kai ka dubi bangon madafa da azara. Baƙin da ya manne musu, irinsa mai girki ke shaƙa safe da yamma.

Itace ya zama busasshe, a faskara shi ƙanana. Ɗanyen itace, kara da kashin shanu sun fi kowanne tuƙa hayaƙi. Kada a hura wuta da leda ko guntun roba, ko da wutar ta ƙi kamawa. A rufe tukunya, a jiƙa wake tun dare, a zare itace da zarar an sauke. Duk abin da ya rage zaman gaban wuta ya rage shaƙa.

Sai maganar goyo, wadda ta fi damuna. Idan uwa ta sunkuya tana hura wuta ko tana tuƙa tuwo, kan jaririn da ke bayanta yana daidai inda hayaƙi ke tashi. Jariri ya fi babba saurin numfashi, huhunsa kuma bai gama ƙwari ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin yaran da ciwon huhu ke kashewa kafin shekara 5, hayaƙin gida na da hannu a ciki. A sauke shi, a miƙa wa kaka ko yayarsa, a shimfiɗa musu tabarma nesa da murhu har a sauke tukunya. Mai ciki ma a rage mata zaman gaban wuta, don hayaƙi na sa a haifi jariri ba nauyi.

Murhun ƙarfe irin na maƙera da ke killace wuta ya fi duwatsu uku tattalin itace, amma bai kawar da hayaƙi ba. Gas ne ke kawar da mafi yawansa, ga shi matatar man fetur ta SORAZ da ke arewa da gari tana samar da shi tun 2011. Sayen tukunyar farko ne mai nauyi, ba kowane gida zai iya ba. Wanda ya samu hali, ko da shayi da ɗumamen safe kaɗai zai koma yi a kai, ya rage wani abu.

Mataki na biyu: daren ɗari

Kada a shigar da kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa da taga a kwanta. Ban da ƙananan ƙwayoyin, garwashi na fitar da wata iska mai guba da ba ta da wari ko launi, tana kashe mutum cikin barci. A ji ɗumi a waje, a shiga da bargo. Turaren wuta a yi shi ƙofa a buɗe, yara su fita sai hayaƙin ya lafa. Maganin sauro na kunnawa shi ma hayaƙi ne, gidan sauro ya fi shi. Janareta a ajiye shi waje, nesa da taga. Mai shan taba ya fita ƙofar gida.

Mataki na uku: shara

A yayyafa ruwa kafin a sa tsintsiya, ko da ruwan da aka ɗauraye kwanuka ne, tunda ruwa a garin nan ba abin wasa ba ne. Kayan ɗaki a goge su da jiƙaƙƙen tsumma, kada a kaɗe. Ƙona bola da magariba kuwa a daina shi: da dare da asuba iska kan kwanta, hayaƙin leda ya tsaya ƙasa-ƙasa ya bi gida-gida.

Mataki na huɗu: ranar da hazo ya yi kauri

Idan aka wayi gari mutumin unguwar Zango ba ya hango duwatsun unguwar Birni, a rufe tagogin da ke fuskantar iska, a rataya jiƙaƙƙen zane a inda ƙura ke shigowa. Wannan ya halatta ne muddin babu wuta ko hayaƙi a ɗakin. Tsofaffi, jarirai, masu asma da masu ciwon zuciya su rage fita, mai asma kuma maganin shaƙarsa ya kasance a aljihu. Ƙwallo da gudu a bari sai gari ya washe.

Ɗan kabu-kabu da mai kasa kaya a bakin titin Kasuwar Dole ba su da zaɓin zama gida, ga hayaƙin salansa ya haɗu da ƙura. Rawani da mayafi na tare manyan ƙura, amma ƙananan na ratsa su. Takunkumin da ke tare su shi ne mai alamar N95 ko FFP2, a tambaya a kantin magani. Sai ya manne da fuska zai yi aiki: a matse ƙarfen kan hanci, a canza shi idan ya jiƙe ko ya yi datti. Ba a sa wa yaron da bai kai shekara 2 ba.

Mataki na biyar: ƙirga numfashin yaro

Tari da mura a hunturu ba su da wuya, shi ya sa ake sakaci har ciwon huhu ya yi nisa. Idan yaro na tari, a bari ya natsu, ba yana kuka ko shan nono ba. A ɗaga rigarsa, a sa agogon waya, a ƙirga tashin ƙirjinsa na minti ɗaya cur. Jaririn da bai kai wata 2 ba, numfashi 60 ko fiye ya yi yawa. Daga wata 2 zuwa 11, 50 ne. Daga shekara 1 zuwa 5, 40. Wanda ya kai haka a kai shi asibiti a ranar, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Idan kuwa ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki lokacin da ya ja numfashi, ko ya ƙi nono, ko leɓensa ya canza launi, ko an kasa tashinsa daga barci, ba a jiran gari ya waye. Haka babba mai ciwon ƙirji, ko wanda numfashi ya gagare shi yana zaune. Zazzaɓi mai zafi tare da ciwon kai da sanƙarewar wuya a wannan lokaci na iya zama sanƙarau, wanda busasshiyar iska da ƙura ke buɗe wa hanya. Shi ma a garzaya da mai shi asibiti mafi kusa nan take.