Ciyar da ƙaramin shak a tankin gida

Jama'a, masu kiwon ƙananan shak (wani kifin teku mai cin nama) irin na bambu, waɗanda asalinsu tekun Indiya da Fasifik ne, ku lura da wuyan kifinku. Idan ƙasan haɓarsa ya fara kumbura, sau da yawa maƙoƙo ne, irin wanda ke kama mutum saboda ƙarancin sinadarin aidin a jiki. Na'urar ozon da ake tsabtace ruwan tanki da ita tana rage aidin ɗin da kifin zai iya amfana da shi, haka ma yawan naitret (sinadarin da ke taruwa daga kashin kifi da ragowar abinci) a ruwa yana hana jikinsa shan aidin ɗin. Don haka a riƙa auna ruwa, a kuma cusa ƙwayar bitamin ta shak cikin naman kafin a ba shi.

Abinci kuwa na teku za a ba shi: jatan lande, sikwid (wata dabbar teku mai hannaye da yawa), yankan kifin ruwan gishiri, a riƙa sauyawa. Ku guji kifin gwal (ƙaramin kifin ado mai launin zinare) da ake sayarwa don ciyarwa. Yana ɗauke da sinadarin da ke lalata bitamin B1. Daskararren nama ma yana rasa bitamin idan ya daɗe a firiza.

Sau 2 zuwa 3 a mako ya ishi babba. Da dogon awartaki ake miƙa masa, ba da hannu ba, kuma da yamma ya fi ci. Abin da ya rage a tsame shi nan take.